Shekara nawa ake yi kafin a zama dokta na ilimi?

Ba likitan asibiti kaɗai ake kira dokta ba. Akwai dokta na ilimi. Aikinsa binciken hanyoyin koyarwa da horar da malaman lakwal.

Ga lissafin a Nijar. Yaro zai yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, ya samu bakaloriya. Shekara 13 ke nan. A jami'a, kamar ta Abdou Moumouni a Yamai, lisansi shekara 3, masta 2, dokta aƙalla 3.

A shekarun dokta, ɗalibi zai zaɓi matsala guda, misali koyar da yara da harshen gida. Sai ya bi makarantu yana bincike, ya rubuta babban littafi, ya kare shi gaban manyan malamai.

Jimla shekara 21, in bai maimaita aji ba. Wanda ya shiga lakwal da shekara 7 zai gama da 28.

Iyaye, hanyar da nisa, amma daga ajin farko take somawa. Yaron da aka fitar don noma, ko yarinyar da aka fitar don aure, hanyarsu ta yanke. Mu bar ƴaƴanmu su ci gaba da karatu.