Yawan Wuta ko Ƙarfin Zubo Ta: Zaɓen Batir Don Motoci da Jiragen Wasa

Shirinmu na yau daga Bulumkutu yake zuwa muku, unguwar nan ta Maiduguri da ke kan hanyar fita zuwa Damaturu da Kano, dab da filin jirgin sama.

Tun daga watan Janairu na 2021, sa'ad da 'yan tayar da ƙayar baya suka kakkarya turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, birni ya daɗe cikin duhu, larura ta mai da mutanen Maiduguri ɗaliban ilmin batir ba tare da sun yi niyya ba, har ya zamana ko bayan da aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas a 2023, wannan ilmi bai bar hannun jama'a ba. A garin nan ne Mustapha Gajibo ya shahara da mai da motocin haya masu shan mai su koma tafiya da batir. Ba abin mamaki ba ne, ashe, in aka ga samari suna farke tsohon batirin kwamfutar cinya, su ciro 'yan gwangwanayen da ke ciki, su haɗa da ɗan inji da tayoyi, su sami motar wasa da ake sarrafawa da rimot. Masu himma daga cikinsu har fiffike suke yankawa, su ɗaura farfela, suna burin jirgi. To, a nan ne mas'alarmu take tasowa, domin batirin da ya wadaci mota sau da yawa shi ne yake kunyata jirgi.

Lambobi biyu ake rubutawa a jikin batirin irin waɗannan na'urori. Ta farko tana tare da haruffan mAh, ita ce ke faɗin yawan wutar da batir ya ƙunsa. Ta biyu tana tare da harafin C, ita kuwa tana faɗin saurin da zai iya zubo wutar ba tare da ya cutu ba. Misalinsu kamar tulu da randa ne: mai yiwuwa tulu ya fi wata randa cin ruwa, amma ranar gobara ƙanƙantar bakinsa za ta hana shi amfani.

Lissafin ba shi da wuya. Batir mai 2200 mAh, ma'anarsa ampiya 2.2 na tsawon sa'a guda. In an rubuta 25C a jikinsa, sai a riɓanya 2.2 sau 25, a sami ampiya 55, wato iyakar abin da maƙerinsa ya yi da'awar zai iya bayarwa. Jirgin da injinsa ke jan ampiya 30 zai tashi da wannan batir cikin yalwa. Amma da za a ba shi mai 1300 mAh da 20C, wanda iyakarsa ampiya 26 ce, da ƙarfin wutar ya zube daidai lokacin da ake neman sa, farfela ta yi sanyi, batir ya ɗau zafi, daga bisani ya kumbura kamar an hura shi. Abin lura kuma, wanda yawancin masu saye ke gafala da shi, lambobin nan biyu ba rabe suke ba: mai 5000 mAh da 20C yana ba da ampiya 100, alhali mai 2200 mAh da 40C, duk da girman lambarsa, 88 kawai zai bayar.

Sai mai sauraro ya ce, in haka ne a sayi babba mana a huta. Da haka ne, da an huta, sai dai wuta tana da nauyi. Batir mai ɗaki uku, wato ƙananan batura uku a haɗe, na 2200 mAh bai cika kai giram 200 ba, na 5000 mAh kuwa yana kai wajen giram 400, kuma jirgin da aka ninka wa kaya dole ya ƙara jan wuta kafin ya ɗaga, ta yadda wani kaso na ribar da aka nema nauyi ne zai cinye shi, ga sauka ta yi wuya, ga fiffike na wahala. Mota a ƙasa tana jure wannan, domin ƙasa ce ke ɗauke da ita.

Mu koma kan gwangwanayen nan na kwamfuta, tun da su suka fi samuwa a hannun yaranmu. Sunansu 18650, saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. An ƙera su ne don su riƙa ba da wuta kaɗan kaɗan na tsawon lokaci, galibinsu ba sa wuce ampiya 5 ko kusa da haka, balle wanda ya tsufa. Akwai 'yan'uwansu da ake sa wa injin huda katako, kamar Samsung 25R, wanda cikinsa 2500 mAh ne amma yana ba da ampiya 20. A ido kamarsu ɗaya, girma ɗaya, nauyi kusan ɗaya, amma ɗabi'a ta sha bamban. Motar wasa mai jan ampiya 2 ko 3 za ta yi ta yawo a tsakar gida da na kwamfuta, jirgi kuwa ko ɗaga hanci ba zai yi ba.

Ra'ayina a wannan babi shi ne, ƙarfin zubo wuta sharaɗi ne, yawan wuta kuwa falala ce, kuma ba a neman falala sai sharaɗi ya cika. A fara sanin abin da inji ke ja, a nemi batirin da ya zarce shi da rata mai kyau, sa'an nan a ƙara yawa gwargwadon abin da na'urar za ta ɗauka. Na ce rata mai kyau ne saboda lambar C ba ta da wani alƙali da ke tantance ta, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa, algus ya yi yawa. Wanda ya ga 18650 an rubuta masa 9900 mAh, ya sani ƙarya ce tsagwaronta, domin galibin na ƙwarai ba su wuce wajen 3500 ba. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce tafin hannu: in an gama wasa aka taɓa batir ya gagari riƙo, to an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Zafin Maiduguri kuma, wanda a watan Afrilu yake haura digiri 40, yana rage wannan rata tun kafin a kunna inji. Kada a bar batir a rana ko cikin mota a kulle. Kowane ɗaki cikarsa bolt 4.2 ce, kada a tatse shi ƙasa da 3, in za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8, wanda ya kumbura kuwa kada a huda shi, kada a sake yi masa caji.

Saura magana guda ga masu burin jirgi. Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya ta hana tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a farkon 2025 kuma rundunar soja ta haramta shi a Arewa maso Gabas. Ga mutumin Bulumkutu, wanda filin jirgi ke maƙwabtaka da shi, gwajin inji da farfela sai dai a ɗaure a kan tebur, motoci kuwa fili nasu ne.