Kajiji: ƙamshin da ake tonowa daga cikin laka

A watan jiya wata 'yar'uwa ta dawo daga gida da saƙon Inna daga Nguru. Tun ban kwance ƙullin ba na san kajiji ne. Na ɗora guntu biyu a kan garwashi, ba a jima ba na'urar hayaƙin gidanmu na Manchesta ta ɗau kururuwa. Ita ba ta san turaren wuta ba.

'Yata ta tambaye ni, "Mama, wannan itacen mene ne?"

Ba itace ba ne. Ciyawar ruwa ce, dangin aya, masana suna kiranta Cyperus articulatus. Karanta kore ne, zagaye, kusan ba ganye, idan ka bi shi da yatsa za ka ji gaɓa-gaɓa daga ciki. Yakan kai ƙirjin mutum, har ya wuce. Ƙamshin kuwa yana can ƙasa, a saiwar da ke kwance cikin laka. Ita ake tonowa a wanke, a shanya, a daka, sannan ta shiga haɗin turaren amare.

A wajenmu tana fitowa ne a fadamun Haɗeja da Nguru, da gefen Komadugu Yobe, har bakin Tafkin Chadi, inda ruwa ba zurfi kuma ƙasa ba ta bushewa ƙayau. To a nan matsalar take. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ta canza hali. Wani wuri ya bushe, wani kuma ruwa ya zauna shekara zagaye, sai kachala ta mamaye shi, ta toshe hanyoyin ruwa. Inda kachala ta kafu, da wuya wata ciyawa ta samu wuri.

Abin da ya ba ni mamaki, irin wannan ciyawa tana nan a Brazil, suna ce mata priprioca. Can noma ta ake yi, ana sayar wa kamfanin turare. Mu kuwa har gobe sai dai a shiga ruwa a tono.

Da na kira Inna in yi godiya, ta ce in riƙa tattalawa. Matar da ke kawo mata ta ce fadamar bayan ƙauyensu duk kachala ce yanzu, sai yaranta sun hau kwalekwale sun yi nisa kafin su cika kwano ɗaya.