Yadda Likitan Yara Yake Koyon Shugabanci

Likitan da ya kammala makarantar likitanci a Nijeriya, ya yi shekararsa ta gwaji da hidimar ƙasa, idan ya yi nufin ƙwarewa a fannin lafiyar yara, to, sai ya koma almajiri a wani asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello, inda zai shafe shekaru yana kwana a ɗakin jarirai, har ya ci jarrabawa uku ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta takwararta ta Afirka ta Yamma.

Bayan jarrabawa ta biyu ne hanyoyi suke rabuwa, wani ya karkata ga jariran da aka haifa bakwaini, wani ga cututtukan zuciya ko ƙoda, wani kuwa ga amosanin jini, wanda ya addabi ƙasarmu, kuma wajibi ne kowa ya rubuta bahasi kafin a ba shi ijaza.

Amma abin da jama'a ba su cika lura da shi ba, alhali kuwa a ganina shi ya fi nauyi, shi ne tarbiyyar shugabanci. Akan naɗa ɗaya daga cikin manyan almajiran ya zama shugabansu, shi ke tsara jadawalin kwana, shi ke karantar da ƙanana, shi ke sulhunta saɓani tsakaninsu da ma'aikatan jinya, kuma idan jini ko iskar numfashi ta yanke da tsakar dare, shi za a fara nema kafin a tashi malami.