Yekini a cikin gwangwanin madara

Yau a Damagaram muke, amma ba fadar Sarki za mu ba, ba kuma ganuwar da Tanimun ya gina ba. Shagon wani tela za mu a unguwar Zango. Ƙarƙashin keken ɗinkinsa akwai wani tsohon gwangwanin madara, an ɗaure bakinsa da roba.

Sai da ya goge hannu a jikin rigarsa kafin ya buɗe. Katunan ƴan ƙwallo ne, ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri an naɗe shi da zaren ɗinki. Wanda ke sama, Rashidi Yekini ne cikin koriyar riga. Katin ya karye a tsakiya, gara ta ci kusurwa guda, a bayansa kuma an rubuta sunan mai shi da bik, rubutun ɗan lakwal. Na ce, "Maigida, a ina ka samo wannan?" Ya ce, "Malam, a cikin cingam. Canjin aiken inna ne. In kai wa mai tebur a ƙofar lakwal, in tofar da cingam ɗin, in adana hoton."

Wanda ya kalli gasar cin kofin duniya ta 1994 ya san abin da wannan hoto ke nufi. Najeriya ta ci Bulgariya uku da nema a Dallas, Yekini ne ya buɗe, ya ruga cikin raga ya riƙe ta yana girgizawa yana kuka. Tsakanin Damagaram da Kano ana kai da kawo tun zamanin fatake, saboda haka yaran Zango da Birni ɗan gida suka ɗauke shi. Telan ya ce a lokacin sai ka ba da ƴan baya uku kafin a ba ka ɗan gaba ɗaya. Yekini kuwa ba a musayarsa. Sai dai a ci shi a wasa: a jeru, kowa ya cilla katinsa jikin bango, wanda nasa ya fi kusa ya kwashe duka. In mushe, wato malamin lakwal, ya kama ku, shi ke kwashewa. Shi ya sa katin ya karye, masu sauraro, ya sha bango.

Tarihin kasuwar a taƙaice: ƴan'uwan gidan Panini suka kafa kamfaninsu a Modena ta Italiya a 1961, suka fitar da kundin gasar cin kofin duniya na farko a 1970, lokacin Meksiko. Daga nan abin ya ƙara bazuwa, ko da yake masu cingam da alewa sun riga su shiga harkar.

To ga abin da ya tsaya mini a rai. A 2022 an sayar da wani katin Pele na 1958, wanda wani kamfanin Suwidin ya buga Pele yana ɗan shekara 17, a kan dalar Amurka miliyan 1.33. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Akwai kamfanonin da aikinsu kawai su duba kati da madubi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Kusurwa ta ɗan lanƙwashe, maki ya faɗi. Wato wanda yaro bai taɓa ba, bai sa a aljihu ba, shi ne mai tsada. Da na faɗa wa telan sai ya yi dariya har ya dafa keke. Ya ce, "To namu ai sun buga wasa, Malam. Nasu suna benci." Ni dai in za a ba ni zaɓi, wanda ya sha bangon zan ɗauka, ko da yake ba ni da miliyan ɗin balle a gwada ni.

Can ƙasan gwangwanin akwai wani da ba kamfani ya buga ba. Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ba ta taɓa zuwa gasar duniya ba, don haka ba ta cikin waɗancan kundaye. Amma a 2011 ta samu gurbin kofin Afirka na 2012, karo na farko, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Ku tuna ranar: ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo, suka hau rawa a fili suna zaton sun wuce, ashe ba su karanta ƙa'idar ba. Nijar ce ta wuce. Telan ya yanko hoton Musa Ma'azu, ɗan wasan Mena, daga kalanda da almakashinsa, ya liƙa a kwali, ya daidaita girmansa da na Yekini.

Na so mu yi maganar yadda ake kare katunan daga gara da ƙurar hunturu, amma ga mai kula da sauti yana nuna mini agogo. Telan dai ganyen dogonyaro yake sa wa nasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.