Splash: Tarwaɗar da Aka Kama Ba a Ci Ba

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2004, wani matashi mai suna Cody Mullennix, ɗan shekara 27, mutumin ƙaramin garin Howe a jihar Teksas ta Amurka, ya kwashi kayan fatsarsa ya nufi bakin tafkin Texoma shi kaɗai. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da mafi yawan masu fita su don nishaɗi suka rataye kayansu suna jiran ɗumi ya dawo. Bai shiga jirgi ba. Daga gaɓa ya tsaya da doguwar sandarsa, ya soka ɗan ƙaramin mataccen kifi a ƙugiya, ya wurga can nesa, ya zauna jira.

Texoma sunan tafki yake amsawa, amma asalinsa kogi ne. A 1944 injiniyoyin sojan Amurka suka kammala madatsar Denison a kan kogin Red, wanda ya raba Teksas da Oklahoma, ruwa ya taru ya shafe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 360. Tsohuwar hanyar kogin tana nan kwance a ƙarƙashi, da kwazazzabanta da gurabunta masu zurfi, kuma nan ne mazaunin abin da Mullennix ya fito nema: shuɗiyar tarwaɗa, wadda ta fi kowace tarwaɗa girma a Arewacin Amurka. Jikinta sulɓi ne, bayanta toka-toka mai sirkin shuɗi, cikinta fari, wutsiyarta a tsage biyu, ga gashin baki guda takwas. Gidanta na asali manyan koguna ne masu ƙarfin gudu, Misisipi da Mizuri da Ohayo da rassansu, har zuwa Meksiko da Guwatemala.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai fitar da mutum bakin ruwa a irin wannan sanyi, alhali an san kifi ba ya koto sosai idan ruwa ya yi ƙanƙara? Amsar tana wurin abincinta. Ruwayen kudancin Amurka cike suke da wasu ƙananan kifaye masu farin jiki da ake kira shad, masu yawo garke-garke. Idan hunturu ya kama, sai su dunƙule wuri ɗaya a zurfi, kuma akwai nau'insu da ba ya jure sanyi ko kaɗan: da zarar ruwa ya sauka zuwa wajen digiri 7, sai su fara mayen sanyi suna mutuwa, suna zuba ƙasa. Ita kuwa shuɗiyar tarwaɗa sanyi bai hana ta ci ba kamar yadda yake hana sauran danginta. Sai ta bi garken ta kwanta a ƙarƙashinsa, abinci na sauko mata har baki. Duhun zurfi ma bai dame ta ba, don fatarta duka, daga gashin baki har wutsiya, tana jin ɗanɗano. Manyan da suke warwatse a faɗin ruwa da rani, hunturu ne ke tara su a 'yan wurare ƙalilan, wanda kuwa ya san wuraren ya gama rabin aiki.

Shi ya sa daga Disamba zuwa Maris za ka tarar da wasu mutane a kan Misisipi ko Tennessee ko kogin James, sun naɗe cikin riguna bisa riguna, sun ɗaure jirgi a saman gurbi mai zurfi, ko a lanƙwasar kogi, ko bayan shingen duwatsun da ake ginawa don karkata ruwa. Sukan yanka ɗanyen kifi gunduwa-gunduwa, su ɗaura dalma mai nauyi don kada igiyar ruwa ta tafi da abincin ƙugiyar, su jera sanduna shida ko takwas. Masu hali suna da na'urar da ke nuna musu gindin kogi a allo. Ƙugiyar da suka fi so ita ce mai zagayayyen baki, wadda ke kama gefen bakin kifi ba ta bi maƙogwaro, domin yawancinsu hoto kawai suke ɗauka su mayar da shi. Wasan ba na rago ba ne: wanda ya faɗa ruwa a wannan lokaci, cikin 'yan mintoci hannuwansa ke daina yi masa biyayya.

Igiyar da Mullennix ya ɗaura a ranar an yi ta ne don ta ɗauki nauyin laba 20, wato kilo 9. Da sandar ta lanƙwashe, abin da ke ɗaya ƙarshen ya ninka wannan nauyi sau shida. Da a ce ja-in-ja aka yi, da fizga ɗaya ta raba gardama. Dabarar tana cikin na'urar naɗe igiya, wadda ke da wani birki da ake saitawa: idan kifi ya ja da ƙarfi, sai igiya ta riƙa warwarewa tana bin sa, ba ta tsinke ba, idan ya lafa sai masunci ya naɗo abin da ya samu. Haka aka yi ta yi, a saki a jawo, kimanin minti ashirin, kafin ta gaji ta biyo igiya zuwa gaɓa.

A nan ne labarin ya rabu da sauran labaran masunta. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaga kifin da ya fi buhun siminti nauyi, mai santsi, mai rai, daga cikin ruwa. Mullennix ya shiga ruwan da kansa, cikin sanyin Janairu, yana kokawar mirgino ta kan wani ɗan tudu inda ruwa bai yi zurfi ba. Da ya samu ta hau, bai ja ta tudun busasshiyar ƙasa ba. Ya bar ta cikin ruwa, yana watsa mata a baya don kada fatar ta bushe, ya buga wa abokinsa waya. Abokin ya zo da sikeli mai ɗaukar laba 100, aka rataya, sikeli ya ƙure bai faɗi komai ba. Sai aka nemo kwamin ban ruwan shanu, aka ɗora a bayan a-kori-kura, aka cika da ruwa, aka saka ta, aka nufi wani shagon kayan su mai sikelin da hukuma ta amince da shi.

Sikeli ya nuna laba 121 da rabi, kilo 55. Tsawonta inci 58, kusan mita ɗaya da rabi. Kafin ranar, shuɗiyar tarwaɗa mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda a duniya ita ce ta Charles Ashley, laba 116 da 'yan kai, daga kogin Misisipi a jihar Arkansas a 2001. Mullennix ya shafe wannan tarihi daga gaɓa, da siririyar igiya.

Da a bakin wani ruwan ne, labarin a tukunya zai ƙare, kuma ba laifi ba ne, don naman shuɗiyar tarwaɗa fari ne mai daɗi. A Amurka kuwa al'adar da ta fi yawa a da ita ce a rataye kifin a ɗau hoto, a kai wa masu gyaran fata su busar da shi a manna a bango. Mullennix ya ƙi duka biyun. Ya ba da ita kyauta ga hukumar kula da namun daji da kifi ta Teksas, da ranta.

Sa'ar da aka yi ita ce jihar tana da inda za ta kai ta. A garin Athens, na Teksas ba na Girka ba, akwai cibiyar kifin ruwan daɗi da aka buɗe a 1996, kuma tun 1986 hukumar ke gudanar da wani shiri na karɓar manyan kifaye masu rai daga hannun masunta don a samu iri mai kyau. Saboda haka motar ɗaukar kifi tana nan, tankin da ke hura iska yana nan, ma'aikatan da suka san aikin suna nan. Ni a ganina hunturun da ya ba da ita shi ne kuma ya taimaka wajen raya ta. Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar shaƙa, kifi kuma a cikinsa buƙatarsa kaɗan ce, ga shi jikinta ya sha wahalar kokawa da jigila. Ta isa Athens lafiya, aka raɗa mata suna Splash, aka sake ta a babban tanki mai bangon gilashi, mai cin galan 26,000.

Abin da ya biyo baya ko ma'aikatan cibiyar bai zo musu a lissafi ba. Mutane suka riƙa tururuwa, motocin 'yan makaranta na sauke yara, iyalai na tafiyar sa'o'i don kawai su tsaya gaban gilashi. Da ta saba da wurin, sai ta fara karɓar abinci daga hannun mai ninƙayar da ke shiga tankin a gaban 'yan kallo, har da yankan kaza. Da shekara ta zagayo, aka shirya mata biki, ɗaruruwan mutane suka halarta, yara suka zo da katunan da suka zana da hannunsu. Shi ma Mullennix yakan je ya gan ta. A ƙasar da ake ɗaukar tarwaɗa kifin talaka, mai cin ƙazantar gindin kogi, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, kuma masu neman manyan tarwaɗa da yawa sun fara jin kunyar kashe irin wannan kifi tun daga lokacin.

Kambun nata bai daɗe ba. A watan Mayun 2005, Tim Pruitt ya kama mai laba 124 a kogin Misisipi kusa da garin Alton na jihar Illinois. Shi ma ya so a raya tasa, aka shirya kai ta tankin wani babban kantin Cabela's a Kansas City, amma ta mutu a hanya. Wannan ya nuna irin siririn zaren da Splash ta bi ta tsira.

Ita ma kwananta bai yi nisa ba. Akwai ciwo a muƙamuƙinta, wanda ake dangantawa da raunin ƙugiya, ya ci har ƙashi. Aka cire ta daga babban tankin don magani, a watan Disamban 2005 ta mutu, ba ta cika shekara biyu a Athens ba. Ƙashin kifi yana yin zobe ɗaya kowace shekara, da aka duba nata aka ga ta kai aƙalla shekara 23. Wato tun farkon shekarun 1980 take yawo a Texoma, tafkin da dubban masunta ke zuba wa ƙugiya dare da rana. Kifi na ganinka mai jar koma. Wannan lissafi ne ya sa jihohi da dama suka sa doka a kan manya: ka ɗebi ƙanana gwargwadon ƙa'ida, amma wadda ta wuce wani tsawo, ɗaya ko biyu kawai za ka tafi da ita, don abin da aka yi shekara ashirin ana ginawa ba a maye gurbinsa da damina ɗaya.

Daga nan nauyi ya ci gaba da hawa. Greg Bernal ya kama mai laba 130 a kogin Mizuri a Yulin 2010. Ranar 18 ga Yunin 2011, Richard Anderson ya fitar da mai laba 143, kusan kilo 65, daga tafkin Kerr da ke iyakar Bajiniya da North Carolina. Ko ita ba ta kai waɗanda aka riƙa gani a da ba, kafin madatsai su daddatse koguna: a 1879 an sayi wata mai laba 150 a kasuwar St. Louis aka aika da ita gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Washington.

Abin lura game da kifin Anderson shi ne inda ya fito. Shuɗiyar tarwaɗa baƙuwa ce a wannan yanki na gabas, mutane ne suka kai ta. A shekarun 1970 hukumar Bajiniya ta zuba ta a kogunan James da Rappahannock don masu fatsa su samu abin kamawa, daga baya aka ƙara da kogin York. An ɗauka kifin ruwan daɗi ne, gishirin teku zai tsare ta inda aka ajiye ta. Ashe tana jure ruwa mai ɗan gishiri fiye da yadda aka zata. Ta bi bakin mashigin tekun Chesapeake tana shiga kogi bayan kogi, har Potomac da ruwayen Maryland. Ba ta zaɓen abinci: ƙaguwar da masuntan yankin suka dogara da ita, ƙananan kifayen teku masu hawowa kogi su yi ƙwai, ƙumba, ciyawar ruwa, duk tana haɗiyewa. Binciken da aka yi ya nuna a wasu sassan James da Rappahannock ta kai kashi uku cikin huɗu na nauyin duk kifin da ke ruwan.

Sai aka samu ɓangare biyu a bakin kogi ɗaya. Masu jiragen haya da ke kai baƙi su a hunturu, abincinsu yana kan manyan tarwaɗa, suna so a riƙa sakin su. Masu kama ƙaguwa kuwa so suke a kwashe ta kakaf. Shekaru da dama dokar Bajiniya ta tsaya tsakiya: a kogunan da ke haɗe da teku ka kama ƙanana iya ƙarfinka, amma wadda ta haura inci 32 ɗaya tak a rana. An kuma ba wasu masunta izinin amfani da wutar lantarki mai rauni, wadda ke sumar da tarwaɗa ta taso sama a kwashe da koma. Maryland ba ta yi wannan sassauci ba. Ba ta sa iyaka ba, ta roƙi duk wanda ya kama kada ya mayar, ta hana kai mai rai daga wani ruwa zuwa wani. A watan Maris na 2023 gwamnan jihar, Wes Moore, ya nemi gwamnatin tarayya ta ayyana lamarin a matsayin bala'in da ya auka wa sana'ar su, ba a amince ba. Jihar ta ci gaba da tallata naman a gidajen abinci da manyan kantuna, tana kuma saye da kanta tana kai wa makarantu da gidajen yari.