Labarin Ahmed Musa, Daga Kano Har Ya Komo Kano

Fatake sun san cewa ba kowace kasuwa ke karɓar kowace haja ba. Goron da aka yi rububinsa a wani gari, sai a kai shi gaba ya kwana a huhu ba mai tayawa. Wanda ya san haka ba zai yi mamakin labarin Ahmed Musa ba, ɗan ƙwallon nan da ya yi fatauci da ƙafarsa a ƙasa biyar, bayan tasa.

An haife shi a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro ƙarami, mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyarsa. A can Jos ya koyi tamaula, ya buga wa wata ƙungiya ta garin, sa'an nan a 2009 ya zo Kano Pillars, wadda mutanen Kano ke yi wa kirari da Masu Gida. A kakar wasa ɗaya tak ya jefa ƙwallo 18 a raga, alhali bai cika shekara 18 ba. A lokacin nan ba a taɓa samun wanda ya ci haka cikin kaka ɗaya a gasar ƙwararru ta Nijeriya ba. Ba shi da girman jiki. Jarinsa gudu ne, irin wanda in ya bi gefen fili da ƙwallo, mai tsaron baya sai dai ya ga ƙeyarsa.

Labari ya kai Turai. Wata ƙungiya ta ƙasar Holan, VVV-Venlo, ta nemi shi a 2010, amma aka jinkirta har watan Oktoba, domin dokar hukumar ƙwallo ta duniya ta hana a ƙetare da yaro wata ƙasa kafin ya cika 18. A nan ya kamata a warware wata magana da kan dami malamai, watau cewa da ake yi an sayi ɗan wasa ko an sayar da shi. Ba mutumin ake saye ba. Ɗan wasa yakan ƙulla alkawarin aiki da ƙungiya na shekaru sanannu bisa lada sananne, kamar yadda ake yi a ijara. In wata ƙungiya ta so shi alhali wa'adin bai cika ba, sai ta biya ta farkon kuɗi don ta sake shi, kuma ba ya tafiya sai da yardarsa. Kuɗin nan ba aljihunsa suke shiga ba, nasa shi ne albashi. Akwai dillalai a tsakani, su ma suna karɓar la'adarsu.

A Janairun 2012 ya wuce Rasha, wurin ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko. Yaron da ya saba da ranar Kano ya je inda sanyi kan sa a dakatar da gasa wata da watanni, ga harshe baƙo, ga abinci baƙo. Duk da haka can ne kasuwa ta yi masa kyau. Sau uku ya ɗauki kofin gasar Rasha tare da su, a 2013, da 2014, da 2016.

Ana cikin haka ƙasarsa ma tana cin moriyarsa. Tun 2010 aka fara sa shi cikin Super Eagles. Yana cikin waɗanda Stephen Keshi ya tafi da su Afirka ta Kudu a 2013, ya ci ɗaya daga cikin ƙwallo huɗun da aka zura wa Mali a wasan kusa da na ƙarshe, aka kuma komo gida da Kofin Afirka bayan an ka da Burkina Faso. Amma ranar da duniya ta san shi ita ce 25 ga Yuni, 2014, a Birazil, sa'ad da aka haɗu da Ajantina. Lionel Messi ya ci a minti na uku. Kafin mutanen Ajantina su gama murna, Ahmed ya rama. Messi ya ƙara gab da hutun rabin lokaci, da aka komo Ahmed ya sake ramawa. An ci Nijeriya 3 da 2, amma shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya jefa biyu a wasa ɗaya na Kofin Duniya.

To, sai ga Ingila. A Yulin 2016 ƙungiyar Leicester, wadda ta ɗauki kofin Ingila a shekarar nan ba wanda ya zata, ta biya fam miliyan 16 da ɗoriya a kansa, kuɗin da ba ta taɓa biya kan wani ba kafin nan. Da fari abin ya yi armashi, har ya ci Barcelona biyu a wasan sada zumunci. Da aka shiga gasa sosai sai kasuwa ta juya. Ƙwallo biyu kaɗai ya ci a gasar cikin kakar nan. A Fabrairun 2017 aka sallami Claudio Ranieri, mai horarwar da ya kawo shi, waɗanda suka biyo baya kuwa ba su damu da shi ba, ya zauna a benci ana ta lissafa masa kuɗin da aka kashe. Gaskiya ita ce Ingila ba ta karɓe shi ba, kuma tsadar da aka yi masa ta zama masa kaya.

Da ya ga Kofin Duniya na 2018 ya gabato, ga shi ba ya wasa, sai ya koma CSKA a matsayin aro. Dabarar ta yi rana. Ran 22 ga Yuni, a birnin Volgograd na Rasha, ya jefa wa Aisilan biyu, Nijeriya ta yi nasara 2 da nema. Ƙwallonsa a Kofin Duniya suka zama huɗu, ba ɗan Nijeriya da ya kai haka.

Daga nan ya tafi Al-Nassr ta birnin Riyad, suka ɗauki kofin Saudiyya a 2019. A shekarar nan mahaifiyarsa ta rasu. Ya rabu da Al-Nassr a Oktoban 2020, ya yi kamar wata shida ba ƙungiya, alhali shi ne kyaftin ɗin ƙasa. A Afrilun 2021 sai aka ji ya koma Kano Pillars. Waɗansu suka ce faɗuwa ce. Amma mai sana'ar ƙafa in ya zauna, ƙafar ce ke mutuwa, kuma ƙasa ba ta kiran wanda ba ya wasa. Bayan 'yan watanni ya wuce Turkiyya, ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor. A cikin 2021 ɗin nan wasanninsa ga Nijeriya suka kai ɗari.

Dukiyarsa kuwa bai bar ta a ƙetare ba. A 2017 ya buɗe wurin wasanni da motsa jiki a Hotoro, da gidan mai a cikin Kano. A 2024 ya sake komowa Pillars, karo na uku, yana da shekara 32 ba kaɗan. A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar, wadda ya fara shiga yana ɗan shekara 16 ko 17.