Saƙa da Zumunta a Ƙasar Gobir

Yau za mu yi magana a kan wani abu wanda yawancin maza ba su cika kula da shi ba, wato taruwar mata domin yin saƙa tare. Za mu duba inda wannan al'ada ta fito, da yadda aikin yake, da kuma dalilin da ya sa ake bukatarsa ƙwarai a wannan yanki namu.

Inda abin ya samo tushe

Taruwar mata a kan zare ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu mata sun san auduga tun daga gona har zuwa zane. Sukan gurje ta su fid da angurya, su shiɓe ta, sa'an nan su zauna da mazari da taskira da alli su yi kaɗi. Mai hannu da kyau takan kaɗa zare siriri, wata kuwa abawa. Da dare, bayan an ci tuwo, matan gida da na maƙwabta sukan haɗu a ɗaki ɗaya kusa da fitila, hannu yana aiki baki kuma yana hira, yara suna jin tatsuniya. Zaren nan shi ake kai wa masaƙa, da kuɗinsa kuma mace takan tara wa 'yarta kayan ɗaki. Sa'ad da zare da yadin masana'anta suka cika kasuwa, musamman bayan an buɗe babbar masaƙa a Kaduna a 1957, sai kaɗi ya yi ta ja da baya. Da ya tafi kuwa, ya tafi da wannan zaman hira.

Saƙa da allurai biyu, ko da kwarashi, ta yaɗu a cikinmu ta hanyar makarantun 'yan mata da azuzuwan mata, yawancinsu na mishan. A ƙasar Gobir, mishan ɗin SIM ya zauna a Tsibiri tun ƙarshen shekarun 1920, ya kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Amma kada mu ɗauka wannan sana'a ta Turawa ce kaɗai. Mafi tsufa cikin kayan da aka saƙa da allurai, waɗanda suka rage har yau, su ne waɗansu safa na auduga da aka samu a Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Ashe dai tsohuwar sana'ar Afirka ce.

Gobirawa kuwa dangi ɗaya ne ko da iyaka ta raba su. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836, waɗansu suka kafa Tsibiri, daga baya waɗansu suka kafa Sabon Birni. Sai Ingila da Faransa suka ja layi a tsakani. Duk da haka aure da biki da suna ba su daina haɗa gidajen ba, abin da hannun mace ya koya a wancan gefe kuwa ba ya daɗewa bai iso wannan gefe ba.

Yadda saƙar take

Saƙar masaƙi zare ne da yawa, na tsaye da na kwance, suna ratsa juna. Saƙar allurai ba haka take ba. Zare ɗaya ne tak, mai tsawo, ana yin zarge da shi, ana jawo sabon zarge ta cikin na baya, layi bisa layi, har ya zama hula ko rigar sanyi. Mai allurai biyu tana riƙe da zarge da yawa a kan allura a lokaci guda. Mai kwarashi kuwa yawanci zarge ɗaya take riƙe da shi, shi ya sa mai koyo ta fi saurin kama kwarashi.

Daga wannan abubuwa uku suka fito. Na fari, kayan saƙa suna da ɗumi, gama iska tana maƙalewa a tsakanin zargen, ita ce kuma ke tsare zafin jiki. Na biyu, idan zarge ɗaya ya kuɓuce daga allura ba a lura ba, zai yi ta warwarewa zuwa ƙasa, ya bar tsaga kamar tsani. Na uku, duk abin da aka saƙa ana iya warware shi. Tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, idan an farke ɗinkinta aka sami bakin zaren, za ta ba da zaren huluna da yawa. Sai a wanke shi, a shanya ya miƙe, a naɗe. Wannan babban taimako ne ga wadda ba ta da kuɗin sabon zare.

A kula fa, yawancin zaren da ake sayarwa da sunan ulu ba gashin tumaki ba ne, zaren masana'anta ne irin na roba. Yana da araha, yana wankuwa, amma idan ya taɓa wuta narkewa yake yi ya manne a fata. A lokacin hunturu da ake shiga da kaskon garwashi cikin ɗaki, kada a kwantar da yaro mai irin wannan tufa kusa da wuta.

Me ya sa sai an taru?

Mace za ta iya saƙa ita kaɗai a ɗakinta, amma da wuya ta koya ita kaɗai. Wannan ilimi ne na ido da hannu. Yarinya ta ce, "Inna, duba mini nan, ya karkace." Tsohuwa ta karɓa, ta ƙirga, ta nuna mata inda zarge ya faɗi, ta kamo shi da kwarashi tun bai yi nisa ba. Wadda ta iya diddigen safa ta koya wa wadda ta iya wuyan riga. Haka salo yake tafiya daga hannu zuwa hannu ba tare da littafi ba.

Akwai kuma ribar kuɗi. Mata goma da suka haɗa kuɗi suka aiki mutum ɗaya Sakkwato ko Maradi za su sami zare da sauƙi fiye da wadda ke saye ɗaya ɗaya, a kan hanyar da take da haɗari kuma an rage yawan masu tafiya. Babban aiki kamar bargo ana raba shi. Kowace mace ta saƙa ƙyalle mai kusurwa huɗu, girma ɗaya, daga baya a haɗa su. Da haka ragowar zare mai launi dabam dabam ba ya lalacewa. A Afirka ta Kudu, wata ƙungiya da ta tashi a 2014 da nufin saƙa barguna 67 domin tunawa da Nelson Mandela ta bazu ƙwarai, har fursunoni maza suka shiga saƙa, ana raba wa matalauta barguna a lokacin sanyi.

Amma riba mafi girma ba a ganinta da ido. Sa'ad da hannu ke aiki, ido kuma yana kan zare, baki yakan sami ƙarfin faɗin abin da ke zuciya. Macen da ba za ta iya kallon fuskar wani ta faɗi baƙin cikinta ba, takan faɗe shi tana ƙirga zarge. Wadda ba ta so ta yi magana kuma ba wanda zai ce mata don me ta yi shiru, gama aiki take yi. A 2013 an buga wani bincike a Ingila, inda aka tambayi masu saƙa fiye da 3,500 daga ƙasashe da yawa. Da yawansu sun ce saƙa tana kwantar musu da hankali, masu saƙa cikin ƙungiya kuma sun nuna ƙarin farin ciki da ƙarin cuɗanya da mutane. Kakanninmu masu mazari sun riga sun san wannan.

Abin da ke gabanmu a yankin nan

Kowa ya san wahalar da ta auko wa gabashin Sakkwato. A 2019 kaɗai mutane fiye da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu zuwa jihar Maradi saboda 'yan bindiga, yawancinsu mata da yara. An tsugunar da waɗansu a Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane da yawa a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 an katse layukan waya na wani lokaci, a watan Disamba na shekarar kuma aka ƙone matafiya cikin mota a yankin. A 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Bayan kowane irin wannan labari akwai gwauraye mata, da marayu, da masu ciki da suka haihu a gidan da ba nasu ba.

To, me zare zai yi a nan? Ba zai tsai da bindiga ba. Amma bari mu dubi jariri. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba yakan yi tsanani a ƙasarmu. Jariri ba ya iya riƙe zafin jikinsa kamar babba, kansa kuma babba ne in an gwada da jikinsa, ta nan zafi mai yawa ke fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salsiyas. Bakwaini, da wanda bai kai kilo 2.5 ba, su ne sanyi ya fi yi wa lahani, har yakan kai ga mutuwa. A 1978 likitoci a birnin Bogota na ƙasar Kolambiya suka fara wata dabara, wato a ɗora ƙaramin jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi da zane. Yau ana koyar da ita a asibitocin duniya. Jaririn da ke ƙirji ba ya bukatar riga, abin da ake sa masa shi ne hula da safa. Wannan kuwa aikin yamma ɗaya ne ko biyu ga mai hannu. A yi hular da laushi, ba igiya, ba maɓalli ko dutsen ado da zai iya shiga bakin yaro. Hula ba ta maye gurbin ƙirjin uwa da nono ba, idan jikin yaro ya yi sanyi ko ya ƙi kama nono kuwa, sai asibiti. In bazara ta shigo kuma a rage masa kaya, kada zafi ya yi masa yawa.

Uwar ma tana da bukata. Macen da ta baro gonarta da awakinta da maƙwabtanta, ba abinci kaɗai ta rasa ba, ta rasa inda za a kira sunanta a ce ta zo ta zauna. Kwarashi da dunƙulen zare ba su da nauyi, suna shiga ƙullin zane. Da su za ta iya samun kuɗin sabulu da gishiri, ta kuma zama mai bayarwa, ba mai karɓa kullum ba.

Abubuwan da ke warware ƙungiya

Abu na fari shi ne gulma. Abin da 'yar'uwa ta faɗa cikin hawaye, idan ya fita waje, ba za ta sāke dawowa ba. Na biyu kuɗi ne. A sa mata biyu su riƙe asusu, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban kowa. Tun farko kuma a yarda a kan wane kaya ne na sayarwa, wane ne na kyauta. Na uku, raina aikin mai koyo. Hular farko takan fito a karkace, amma tana da ɗumi kamar ta gwana. Na huɗu, rufe ƙofa. Yawancin mutanen Isa da Sabon Birni Musulmi ne, masu bi kuwa kaɗan ne. Sanyi ba ya tambayar addinin jariri. A gayyaci maƙwabciya, a koya mata, a koya daga gare ta, ba tare da wani sharaɗi ba. Wadda take cikin kulle ko takaba, a kai mata zaren har gida, gama zumunta a ƙafa take.

A cikin Ayyukan Manzanni sura 9 muna da labarin Tabita, wato Dokas, mutuniyar Yafa. Da ta rasu aka kira Bitrus daga Lidda, sai gwauraye mata suka kewaye shi da kuka suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ba a rubuta mana ko kalma ɗaya da ta faɗa ba, aikin hannunta ne ya yi shaida. Da sunanta mata a Ingila da Amurka suka kafa ƙungiyoyin ɗinka wa matalauta tufafi a ƙarni na 19, irin wannan ruhu kuma shi ne muke gani cikin Zumuntar Mata a ekklesiyoyinmu.

Saboda haka, iyayenmu mata da 'yan'uwanmu, ba sai kun jira taimako daga nesa ba. Mata uku da tabarma ɗaya da tsohuwar rigar sanyi sun isa a fara, tun kafin hunturu ya shigo. Ku kuma maza, ku ba su lokaci, ku sayo musu zare. Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da 'yan gudun hijira gidajensu, ya ba ƙasar Gobir salama, ya kuma sa albarka ga aikin hannuwanku. Amin.